Tsakanin "Wataƙila" da "Tabbas": Gabatar da Lissafin Yiwuwa ga Ɗaliban Sakandare da Harshen Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyar da za a bi wajen gabatar da lissafin yiwuwa ga ɗaliban sakandare waɗanda Hausa ce harshensu na farko. Ta bambance yiwuwar da ake samowa ta hanyar gwaji da wadda ake samowa ta hanyar nazari, ta kuma nuna cewa kalmar "yiwuwa" ita kanta tana iya zame wa ɗalibi tarko idan ba a ɗaure ta da ma'auni ba. An kawo misalai daga kayan da yaro ya saba gani, kamar murfin kwalba da wuri da ƙwayar lido, sannan aka ɗora bayanin a kan gadon cutar sikila, inda kuskuren fahimtar "ɗaya bisa huɗu" yake shafar rayuwar iyali.

Fitilun Kalmomi: yiwuwa, gwaji, nazari, keɓaɓɓun kalmomi, koyarwa

1.0 Gabatarwa

Lissafin yiwuwa reshe ne na lissafi da yake auna ƙarfin tsammanin aukuwar abin da ba a da tabbacinsa. A Najeriya ɗalibi yana cin karo da shi a ƙaramar sakandare, ya sake haɗuwa da shi a babbar sakandare, kuma yana cikin abubuwan da hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO suke tambaya. Yadda aka saba koyar da shi sananne ne: malami ya rubuta ƙa'ida a allo da Ingilishi, ya kawo misalin kwabo da karta, ɗalibai su kwafa su haddace. Da wannan haddar ɗalibi yakan iya fitar da amsa daidai a takarda, amma idan aka ce ya faɗi da bakinsa abin da "ɗaya bisa huɗu" yake nufi, sai ya yi shiru ko ya faɗi abin da ba shi ba.

Wahalar ba ta yaro ba ce shi kaɗai. Wannan fanni ya makara wajen bayyana idan aka kwatanta shi da sauran rassan lissafi. Girkawa sun tsara lissafin siffofi tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, amma galibin masana tarihin lissafi suna ƙirga mafarin lissafin yiwuwa daga wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654. Bayansu Christiaan Huygens ya wallafa ɗan littafinsa a 1657, aka buga na Jacob Bernoulli a 1713, kuma sai a 1933 Andrey Kolmogorov na Rasha ya shimfiɗa wa fannin tubalan da yake tsaye a kansu yau. Abin da ya ɗauki manyan masana ƙarnoni kafin su daidaita shi, ba a yi adalci ba idan aka sa ran yaro ɗan shekara goma sha uku zai haɗiye shi a darasi guda, cikin harshen da bai gama naƙalta ba.

Abin da ya sa batun ya shafi manazarta Hausa shi ne, ko da littafi da jarrabawa suna cikin Ingilishi, malamai da dama a makarantun gwamnati na ƙasar Hausa da Hausa suke yin fashin baƙi idan suka ga aji ya daskare. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a farkon firamare, kuma gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da lissafi da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare. A sakandare kuwa babu tsayayyen tsari, kowane malami yana ƙirƙirar kalmarsa a tsaye gaban allo. Wasu daga cikin waɗannan kalmomi suna taimakawa, wasu kuma suna ƙara dagula abin da ake son warwarewa.

2.0 Abin da Yaro Yake Shigowa Aji da Shi

Yaro Bahaushe ba ya zuwa wannan darasi hannu rabbana. Harshensa cike yake da kalmomin da suke jera tsammani daga mai ƙarfi zuwa mai rauni: tabbas, lalle, galibi, mai yiwuwa, wataƙila, la'alla, da wuya, da ƙyar, sam, faufau. Har a cikin nahawu akwai wannan bambanci. Hausa tana da lokaci mai zuwa iri biyu, kuma mai jin harshen ya san cewa wanda ya ce "za mu gani" ya fi wanda ya ce "ma gani" ɗaure magana. Na biyun ya bar ƙofa a buɗe. Wannan arziki ne da ya kamata darasi ya fara da shi kafin a rubuta ko da lamba guda.

Hanya mai sauƙi ita ce malami ya ɗaura igiya a jikin bango, ya rubuta 0 a wannan baki da 1 a wancan, ya bayyana cewa 0 mazaunin abin da ba zai taɓa aukuwa ba ne, 1 kuma mazaunin abin da babu makawa sai ya auku. Sai a raba wa ɗalibai 'yan takardu ɗauke da waɗancan kalmomi, kowa ya rataya tasa inda yake ganin ta dace. "Tabbas" da "faufau" ba sa jawo gardama. Gardamar tana tashi ne a tsakiya, domin wani zai sa "wataƙila" a daidai rabi, wani ya ja ta ƙasa, wani ya dage cewa "mai yiwuwa" ta fi ta ƙarfi. Bai kamata malami ya yi gaggawar raba wannan gardama ba, domin ita ce hujjar darasin gaba ɗaya: kalmomi suna jera tsammani, amma ba sa auna shi, shi ya sa ake bukatar lamba.

Akwai kuma abin da yaro yake shigowa da shi wanda yake kawo cikas. Na farko shi ne kalmar "yiwuwa". A maganar yau da kullum abu mai yiwuwa shi ne abin da ba a kore aukuwarsa ba, ko da damarsa ƙanƙanuwa ce. Idan malami ya ce "mece ce yiwuwar a yi ruwa a Kano a watan Janairu?" yaro yana iya cewa rabi, hujjarsa kuwa ita ce abu biyu ne, ko a yi ko kada a yi. Masu binciken koyar da lissafi sun daɗe da sanin wannan kuskure na ɗaukar duk sakamako a matsayin masu dama ɗaya, kuma Marie-Paule Lecoutre ta yi nazari a kansa a 1992 tsakanin ɗaliban da ba su san Hausa ba. Wato kuskuren ba na Bahaushe ba ne. Sai dai amfani da kalma guda wajen nufin "abin da zai iya aukuwa" da kuma "ƙarfin tsammanin aukuwarsa" yana ƙara masa gindin zama.

Na biyu shi ne rukunin kalmomin sa'a, dace, katari, rabo da tsautsayi. Dukkansu suna bayyana abin da ya riga ya auku, kuma suna jingina shi ga mutum: wane mai sa'a ne, wance tsautsayi ya faɗa mata. Karin maganar da ke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ko tsautsayi ba ya wuce ranarsa, suna ba da haƙuri ne bayan aukuwar abu. Lissafin yiwuwa kuwa yana magana kafin aukuwa, kuma ruwansa da abin da ake jefawa, babu ruwansa da hannun mai jifa. Yaron da ya gaskata cewa abokinsa yana da "hannun shida" a lido ba zai karɓi sudusi a matsayin amsa ba har sai ya ga an ƙirga jifan abokin nasa an kwatanta da na kowa. Jean Piaget da Bärbel Inhelder sun nuna a 1951 cewa fahimtar wannan al'amari tana ginuwa ne mataki-mataki a ƙwaƙwalwar yaro, Efraim Fischbein kuma ya ƙara a 1975 cewa koyarwa tana iya gyara hasashen da yaro ya taso da shi. Duka biyun suna nuni ga abu ɗaya a aikace, wato a fara sanin abin da yaro ya ɗauka kafin a ɗora masa sabo.

3.0 Keɓaɓɓun Kalmomin Darasin

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya mayar da hankali ne ga harshe da adabi da dabarun koyar da su, saboda haka malamin lissafi yana bukatar nasa kayan aikin. Wannan maƙala tana ba da shawarar a kira lambar da ake nema "ma'aunin yiwuwa", aƙalla a makonnin farko, domin kalmar ma'auni tana tuna wa yaro mudu da sikeli, wato abin da yake da yawa da kaɗan. Bayan ta zauna ana iya taƙaitawa a ce "yiwuwa". Kowane jifa ko ɗauka guda shi ne "gwaji", abin da ya fito shi ne "sakamako", jerin duk abin da zai iya fitowa shi ne "tarin sakamako", abin da ake tambaya a kansa kuma shi ne "aukuwa". Ma'aunin da aka samo ta ƙirga abin da ya faru a gwaje-gwaje shi ne "yiwuwar gwaji", wanda aka samo ta duban tsarin abu ba tare da an jefa shi ba kuma "yiwuwar nazari".

Kalmar da ta fi wuyar samu ita ce ta ɗaukar da babu zaɓi a cikinta. "Kan mai uwa da wabi" tana ɗauke da ma'anar ɓarna da rashin tausayi. "Canki-canka" tana nuna mai ɗauka yana hasashe. "Ƙuri'a" ta dace da asalin ma'anar, amma siyasa ta riga ta janye ta zuwa akwatin zaɓe, inda mutum yake zaɓa da gangan. Abin da ya fi tsira daga ruɗani shi ne "ɗauka ba zaɓe", tare da nuna wa yara jakar da ba a ganin cikinta.

A ɓangaren lambobin kuwa Hausa ba ta da talauci. Sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri duk sun shigo daga Larabci sun zauna, kuma yaron da ya yi karatun Islamiyya ya ji yawancinsu a babin gado da zakka. Malamin da ya ce damar fitowar shida a ƙwayar lido sudusi ce yana magana ne da kalmar da ɗalibi ya taɓa jin an raba dukiya da ita. Abin lura kawai shi ne, sudusin gado kaso ne da ake damƙa wa mutum a hannu, sudusin lido kuwa ba ya alkawarin komai a jifa shida na farko. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan abin da zai biyo baya.

4.0 Yiwuwar Gwaji

Littattafan lissafi suna farawa da kwabo, amma a Najeriya kwabo ya zama baƙo. Tsabar kuɗin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ba su yi tasiri a kasuwa ba, kuma ɗalibai da yawa ba su taɓa riƙe su ba. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ya fi sa'a a nan, domin tsabar sefa tana yawo a hannunsa. Ga ajin Kano ko Sakkwato, murfin kwalbar lemo ya fi sauƙin samu, kuma yana da wata fa'ida da kwabo ba shi da ita: ɓangarorinsa biyu ba iri ɗaya ba ne. Idan aka jefa shi zai faɗi a kife ko a rigingine, amma babu wanda zai iya duban siffarsa ya rantse cewa damar biyun daidai take. Haka wuri yake, wanda Hausawa suka yi ciniki da shi kafin zuwan kuɗin Turawa. Ga irin waɗannan abubuwa babu hanyar sanin ma'auni sai a jefa a ƙirga.

A ƙaddara aji mai ɗalibai 60. Kowane ɗalibi ya jefa murfi iri ɗaya sau 20, ya rubuta sau nawa ya faɗi a rigingine. Yiwuwar gwaji ita ce adadin faɗuwa a rigingine bisa adadin jifa. Wanda ya samu 13 zai ce 13 bisa 20, maƙwabcinsa da ya samu 9 zai ce 9 bisa 20, kuma kowannensu yana da gaskiya a kan abin da ya gani. Daga nan sai a haɗa sakamakon layi guda, sannan na layi biyu, har a kai ga jifa 1,200 na aji duka, ana rubuta kason a allo a kowane mataki. Abin da ɗalibai za su gani shi ne lambar tana tsalle-tsalle da farko, sannan ta riƙa natsuwa a kusa da wani wuri. Cunkoson aji, wanda malamai suke kuka da shi a kowane darasi, a nan ya zama riba, domin aji mai mutum goma ba zai tara jifa dubu cikin minti goma ba.

Wannan natsuwa ita ce abin da Bernoulli ya tabbatar da hujjar lissafi, ake kiranta ƙa'idar manyan lambobi. Misalin da ya fi shahara wajen nuna ta shi ne na John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu wanda aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A zaman tsaren ya jefa kwabo sau 10,000. A jifa 100 na farko fuskar kwabon ta fito sau 44, a ƙarshen dubu goman kuma ta fito sau 5,067. Akwai darasi mai zurfi a waɗannan lambobi biyu wanda malamai sukan tsallake. A jifa 100 tazarar da ke tsakanin abin da ya samu da rabi ita ce 6, a jifa 10,000 kuma tazarar ta zama 67, wato ta ƙaru. Abin da ya ragu shi ne kason: daga kashi 44 cikin ɗari ya koma kashi 50.67. Kwabon bai "rama" abin da ya rasa da farko ba. Yawan jifan da suka biyo baya ne ya shanye bambancin, kamar yadda cokalin gishiri yake ɓacewa a randa.

Dole ne a tsaya a kan wannan, domin a nan ne kuskure mafi haɗari yake tsirowa. Idan kwabo ya nuna fuska sau biyar a jere, yawancin ɗalibai za su ce yanzu lokacin baya ya yi. Kwabo ba ya tuna abin da ya wuce, damar jifa na shida rabi ce kamar ta farko. Ko a jifa 20 na kwabo mai daidaito, damar samun 10 cif-cif ba ta kai humusi ba, kusan kashi 18 cikin ɗari ce. Ɗalibin da ya samu 7 ko 13 bai yi kuskure ba, kuma bai kamata ya goge ya rubuta 10 don ya faranta wa malami ba, abin da yara sukan yi idan suka ɗauka akwai amsar da ake jira.

5.0 Yiwuwar Nazari

Bayan yara sun gaji da jifa, tambayar da za ta buɗe kashi na biyu ita ce: akwai abin da za a iya sanin ma'auninsa ba tare da an jefa ba? Ƙwayar lido tana da fuska shida masu girma ɗaya, babu dalilin fifita wata a kan wata. Idan haka ne, yiwuwar aukuwa ita ce adadin sakamakon da ake nema bisa adadin tarin sakamako. Wannan ita ce ma'anar da Pierre-Simon Laplace ya yaɗa a farkon ƙarni na 19, kuma sharaɗinta shi ne dukkan sakamakon su kasance masu dama ɗaya. Amfanin fara darasi da murfin kwalba shi ne yaro ya riga ya ga abin da wannan sharaɗi bai cika a kansa ba, saboda haka ba zai ɗauke shi ado ba.

Ƙwaya biyu sun fi ɗaya koyarwa. Jimillarsu tana iya zama daga 2 zuwa 12, wato lamba goma sha ɗaya, kuma ɗalibi zai yi saurin cewa kowace tana da ɗaya bisa goma sha ɗaya. Idan aka yi amfani da ƙwaya masu launi daban, aka zana jadawali mai gida shida a tsaye da shida a kwance, sai gidaje 36 su bayyana. Jimillar 7 tana fitowa ta hanya shida, damarta sudusi ke nan, 2 da 12 kuma kowace hanya ɗaya tak gare ta. Masu buga lido da ƙwaya biyu suna jiran shida kafin su fita daga gida, kuma jadawalin zai nuna musu cewa damar samun aƙalla shida ɗaya ita ce 11 bisa 36. Wanda ya haɗa sudusi da sudusi ya samu 12 bisa 36 ya ƙirga gidan shida-da-shida sau biyu. Sai a koma ga jifa, a gwada sau ɗari biyu ko uku, a ga yadda gwaji yake matsowa kusa da nazari.

Ɗalibin da ya yi kuskuren ƙirga yana da abokan tafiya manya. A 1754 Jean d'Alembert, ɗaya daga cikin fitattun masana lissafi na Faransa, ya rubuta cewa damar samun fuska aƙalla sau ɗaya a jifa biyu na kwabo sulusi biyu ce, domin ya ƙirga hanyoyi uku maimakon huɗu. Amsar ita ce uku bisa huɗu. Ita ma matsalar da Pascal da Fermat suka tattauna ana iya kawo ta aji da sabuwar riga: ɗalibai biyu masu ƙarfi ɗaya suna gasa, wanda ya fara cin zagaye uku zai ɗauki kyautar littattafai 16, sai aka tashi ɗaya yana da biyu ɗaya yana da ɗaya. Yaya za a raba? Yawanci za su ce kashi biyu da kashi ɗaya. Amma da an ci gaba, na gaba yana da rabin dama ya gama a zagaye mai zuwa, idan kuma ya faɗi aka yi kunnen doki yana da rabin ragowar. Rabi da rubu'i sun zama uku bisa huɗu, saboda haka rabonsa 12, na abokinsa 4.

Sunayen rana ma kayan aiki ne. A ajin da ake da Ladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe, tambayar ranar haihuwa ba baƙuwa ba ce. Idan aka ɗauka ranakun mako bakwai damarsu ɗaya, yiwuwar a haifi mutum ranar Juma'a subu'i ce. Abin da yake ba yara mamaki shi ne, a cikin mutum huɗu kacal da aka ɗauka ba zaɓe, damar a samu biyu da suka haɗa rana ta kai kusan kashi 65 cikin ɗari.

6.0 Caca, Ƙuri'a da Ƙaddara

Ba a ɓoye cewa wannan fanni a teburin 'yan caca aka haife shi, kuma iyaye suna iya ɗaga gira idan yaro ya koma gida ya ce yau lido aka buga a aji. Malami yana da amsa. Abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta shi ne caca, wato cin dukiya ta wannan hanya. Ƙuri'a don raba gardama tsakanin masu haƙƙi ɗaya kuwa sananniya ce: Suratu Ali Imrana ta ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Game da ƙaddara kuma, ma'aunin yiwuwa yana auna iyakar sanin ɗan'adam ne game da abin da bai auku ba, kamar yadda manomi yake duban hadari ya yanke shawarar shuka.

Hasali ma, darasin yana daga cikin abubuwan da za su iya kare matashi daga cacar ƙwallo da ta shigo wayoyin hannu. A ƙaddara mai caca ya haɗa wasa goma a tikiti guda, kuma a kyautata masa zato a ce damarsa a kowane wasa rabi ce. Sai ya ci duka goman kafin a biya shi, damar hakan kuwa ita ce rabi sau rabi har sau goma, wato 1 bisa 1,024. Yaron da ya fitar da wannan lamba da hannunsa ya ji abin da wa'azi kaɗai ba lalle ya jiyar da shi ba.

7.0 "Ɗaya Bisa Huɗu" a Gadon Sikila

Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan jariran da ake haifa da cutar sikila, wadda Hausawa suke kira amosanin jini. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma gwajin rukunin jini na gado yana cikinta. Ma'ana, ɗaliban da suke zaune a aji yau za su riƙe takardar da aka rubuta AA ko AS ko SS nan da 'yan shekaru, a kuma gaya musu cewa idan AS ya auri AS, yiwuwar haifar mai SS ɗaya bisa huɗu ce.

Ana iya gina wannan a aji da jaka biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, kowace da ƙwayar masara fara guda a madadin A da ja guda a madadin S. Kowace haihuwa ita ce a ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace jaka ba zaɓe, a rubuta, a mayar. Nazari ya nuna hanyoyi huɗu masu dama ɗaya: fara da fara, fara da ja, ja da fara, ja da ja. Saboda haka AA rubu'i ne, AS rabi, SS rubu'i. Mayar da ƙwayar cikin jaka shi ne muhimmin mataki, domin haihuwar farko ba ta rage komai daga abin da iyaye suke ɗauke da shi.

Fassarar da ta yaɗu a bakin jama'a ita ce, cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu, har wasu ma'auratan da ɗansu na fari ya zo da cutar su ɗauka ukun da za su biyo sun tsira. Wannan shi ne sudusin gado da aka ɗora a kan sudusin lido, kuma shi ne kwabon da ake zaton yana tuna jifan baya. Idan kowane rukunin ɗalibai ya "haifi" 'ya'ya huɗu da jakunkunan, aka jera iyalan a allo, za a ga wasu babu mai SS ko ɗaya, wasu biyu, wani lokaci har uku. Nazari ya ba da adadin: damar a ce duk huɗun sun tsira ita ce 81 bisa 256, kusan kashi 32 cikin ɗari, damar a samu ɗaya cif-cif 108 bisa 256, kusan kashi 42, damar a samu aƙalla ɗaya kuwa 175 bisa 256, wato sama da kashi 68 cikin ɗari.

Jimlar Hausa da ake isar da wannan da ita tana bukatar gyara. "Ɗaya daga cikin 'ya'ya huɗu" tana sa mai sauraro ya hango yara huɗu a jere ana nuna ɗaya. Abin da ya dace malami, da ma'aikacin asibitin da ɗalibinsa zai zama gobe, su faɗa shi ne: "a kowane ciki, damar rubu'i ce, ko na farko ne ko na bakwai."